Babi na Biyar: Ina Ruwan Mutumin Abuja da Hayaƙin Jirgin Ruwa?

Duk sa'ad da rediyo ya kawo labarin cewa ƙasashen duniya sun taru a Landan suna ja-in-ja kan hayaƙin jiragen ruwa, ko aka ce ministan harkokin teku ya yi jawabi a Abuja, tambaya guda ce ke fitowa daga bakin jama'a: to mu ina ruwanmu? Mai tambayar yana da hujja. Daga Abuja zuwa bakin teku a Legas tafiyar fiye da kilomita 700 ce. Ruwan da yawancin mazauna birnin suka sani bai wuce tafkin Jabi da madatsar Usuma ba, sai kogin Neja ga wanda hanya ta bi da shi ta Lokoja. Akwai dattawa a Nyanya da Kubwa da Gwagwalada da za su gama zamansu na duniya ba su taɓa ɗora ido a kan jirgin dakon kaya ba. Me zai sa irin waɗannan su damu da abin da wani jirgi ke ƙonawa, ko yake zubarwa, a tsakiyar tekun da ba su san hanyarsa ba?

Amsar ba a teku ta fara ba. A kasuwa ta fara.

Kayan da ke hannunka

Ka zaga kasuwar Wuse ka dubi wayoyi da fitilu masu caji da yadudduka da takalma. Ka wuce Dei-Dei ka dubi tayil da famfuna da makullai. Ka leƙa Apo ko Zuba inda ake sauke injuna da kayan gyaran mota 'yan Beljiyam, sannan ka tsaya a Kado wajen masu kifin ƙanƙara. Mafi yawan abin da idonka ya gani ya kwana makonni a kan ruwa kafin ya iso. Burodin da aka karya kumallo da shi ma haka, domin galibin alkamar da ake niƙawa a ƙasar nan jirgi ne ya kawo ta. Dilar gwanjo haka. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da ciniki, wato UNCTAD, ta daɗe tana faɗin cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na nauyin kayan da ƙasashe ke sayar wa juna ta teku yake bi.

Ba shigowa kaɗai ake yi ba. Riɗin da ake tarawa a Dawanau yana ƙarewa a Japan da Turkiyya da Sin. Zoɓon Jigawa ya sami babbar kasuwa a Meziko. Cittar kudancin Kaduna da fatun Kano duk a kwantena suke fita. Wannan dangantaka kuwa ba ta yau ba ce. Tun da layin dogo ya isa Kano a 1911, gyaɗa ta fara gangarawa Legas tana shiga jirgi, ayarin raƙuman da ke ƙetare hamada zuwa Tarabulus ya fara ja da baya. Dalar gyaɗa da ake ba da labarinta, kaya ne da aka tara ana jiran tarago ya kai su bakin ruwa. Saboda haka ɗan Arewa ya shekara fiye da ɗari yana cikin manyan masu hayar jirgin ruwa, ko da bai taɓa ganin mai jirgin ba.

Wanda ya yi hayar mota kuwa, yana da kaso a man da ta ƙone.

A faɗi alherinsa tukuna

Kafin a ɗora wa jirgin ruwa laifi, adalci ne a faɗi abin da ya fi kowa. Idan aka auna man da ake ƙonawa don kai tan guda na kaya tafiyar kilomita guda, babu abin hawa mai inji da ya kai babban jirgin ruwa tattali. Tirela ta ninka shi sau da yawa. Jirgin sama kuwa ya ninka shi sau gomomi. Dalilin girma ne. Jirgin nan mai suna Ever Given, wanda ya gitta ya toshe mashigin Suwez na kwana shida a watan Maris na 2021, tsawonsa mita 400 ne, kuma yana iya ɗaukar ƙananan kwantena kusan 20,000. In aka ce a sauke wannan kaya a kan tireloli, kowace ta ɗauki biyu, tirela 10,000 za a nema. In aka jera su kai da wutsiya, layin zai kusan haɗe Abuja da Kaduna. Duk wannan inji guda ke turawa, da ma'aikata ashirin da 'yan kai. Waɗanda ke zuwa Apapa ba su kai shi girma ba, amma lissafin iri ɗaya ne.

Matsalar ita ce yawa. Jiragen kasuwanci dubun-dubata ne ke kan ruwa dare da rana. Binciken da Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya, IMO, ta fitar a 2020 ya nuna cewa a shekarar 2018 jiragen ruwa sun saki iskar da ke ɗumama duniya tan miliyan 1,076, wato kusan kashi 3 cikin ɗari na abin da ɗan Adam ya fitar a wannan shekara. Kashi uku kamar ba komai ba ne, sai an tuna cewa duk nahiyar Afirka, da mutanenta fiye da biliyan guda, abin da take fitarwa daga ƙona mai da gas da kwal bai wuce kusan kashi 4 ba. Da a ce jiragen ruwa ƙasa ce mai tuta, da tana cikin goman farko wajen gurɓata sararin samaniya.

Ita kuwa wannan iska ba ta tsayawa inda aka sake ta. Wadda aka saki a tekun Indiya da wadda janareta ya saki a Utako, rumbu ɗaya suke shiga, daga nan ne kuma zafi ke ƙaruwa, damina ke rikicewa. Ba wanda zai iya nuna wata ambaliya ya ce jirgi kaza ne ya kawo ta. Amma mazauna Abuja ba su manta da watan Oktoba na 2022 ba, lokacin da ruwa ya shafe hanya a wajen Lokoja da Koton Karfe, tankokin mai suka maƙale, layuka suka dawo gidajen mai na birnin. Irin wannan ne masana ke cewa zai riƙa yawaita muddin duniya na ƙara zafi.

Baƙin mai

Abin da manyan jirage suka daɗe suna sha ba fetur ba ne, ba kuma dizal irin na tirela ba. Idan matatar mai ta tace ɗanyen mai ta cire gas da fetur da kananzir da dizal, akwai wani baƙin guggubi mai kauri da ke saura a ƙasa, ɗan uwan kwalta. Sai an ɗumama shi kafin ya yarda ya bi bututu. Shi ake ɗura wa jirgi, don ya fi kowane mai arha, kuma a tsakiyar teku babu maƙwabcin da zai yi ƙorafi.

Wannan mai cike yake da farar wuta. Har zuwa ƙarshen 2019, doka ta yarda ya ƙunshi farar wuta har kashi 3.5 cikin ɗari, wanda ya ninka abin da aka yarda a dizal ɗin motocin Turai sau 3,500. Idan ta ƙone takan zama hayaƙi mai shaƙe ƙirji da ƙananan ɓurɓushi da ke shiga can cikin huhu, su tayar da asma, su jawo ciwon zuciya. Daga ranar 1 ga Janairu, 2020, IMO ta rage iyakar zuwa kashi 0.5. Babban ci gaba ne, ba a musu. Sai dai akwai abu biyu da ya kamata mai karatu ya sani.

Na farko, an bar ƙofa a buɗe: jirgin da ya saka na'urar wanke hayaƙi yana iya ci gaba da shan tsohon mai. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori da ruwan teku suke wanke hayaƙin, sannan su mayar da ruwan wankin cikin teku. Dattin da aka hana shi tashi sama, sai aka nutsar da shi ƙasa. Tashoshi da dama a duniya sun hana zubar da wannan ruwa a harabarsu.

Na biyu ya fi ciwo. Ƙasashen da suka iya kare kansu sun sa an shata musu yankuna na musamman inda iyakar ta sauka zuwa kashi 0.1: tekun Baltik, Tekun Arewa na Turai, gaɓar Amurka da Kanada, sannan Bahar Rum daga watan Mayu na 2025. Jirgi in zai shiga can sai ya canja zuwa mai mai tsabta. Gaɓar Afirka ta Yamma ba ta da irin wannan kariya. Jirgi guda, kamfani guda, amma hayaƙin da ya halatta ya hura wa mutanen Apapa ya ninka wanda ya halatta ya hura wa mutanen Rotadam sau biyar. Wani bincike na Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska ta yi ajalin mutum kusan 11,200 a Legas a 2018, fiye da rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Motoci da masana'antu da janareto ne kan gaba a laifin, amma tashoshin jiragen ruwa ma suna cikin lissafin. Kada kuma a manta su wa ke kwana a gefen waɗannan tashoshi: direbobin tirela da yaransu, 'yan dako, masu shayi, 'yan acaɓa. Rabin gaisuwar da za ka ji a garejin manyan motoci na Apapa da Hausa ake yin ta.

Abin da ake bari a cikin ruwa

Malalar mai ce aka fi sani, domin ita ce kyamara ke iya ɗauka. Hatsarin tankar Torrey Canyon a gaɓar Ingila a 1967 na cikin abin da ya tayar da duniya har aka ƙulla yarjejeniyar MARPOL a 1973, aka ƙarfafa ta a 1978. Ita ce har yau uwar dokokin hana jirage ƙazantar da teku. Mu ma mun ɗanɗana namu. A watan Disamba na 2011, ana cikin loda wa wata tanka ɗanyen mai a rijiyar Bonga ta kamfanin Shell, kimanin kilomita 120 daga gaɓa, sai bututu ya yi yoyo, ganga kusan 40,000 ta tsiyaye. Hukumar kula da malalar mai, NOSDRA, wadda hedikwatarta ke Abuja, ta yanka tarar dala biliyan 3.6, aka shiga shari'a ta shekara da shekaru. Masuntan da suka ce komarsu ta daina kamu ba su da jarin jiran kotu.

Amma irin wannan babbar malala ba kullum take faruwa ba. Abin da ke faruwa kullum shi ne na ɓoye: wankin tanki, ruwan ƙasan inji mai haɗe da mai, shara, bahaya. Doka ta ce a riƙe su sai an zo tasha a miƙa wa masu kwasa, a biya. Kyaftin ɗin da ya san babu mai duba littafinsa, kuma dare ya yi, ya san hanyar da ta fi arha.

Akwai kuma wata ɓarna da ba ta da launi ko wari. Jirgin da ya sauke kaya yakan yi sakayau, don haka sai ya zuƙi dubban tan na ruwan teku cikin tankunansa don ya daidaita. In ya isa wata tashar zai yi lodi, sai ya amayar da ruwan. A cikin wannan ruwa akwai ƙwayayen kifi da tsirrai da ƙananan halittu na wata nahiya. Galibinsu mutuwa suke yi. Wanda ya rayu kuwa, ya sami wurin da babu abin da ke cin sa. Haka wata 'yar halitta mai ƙwanso, 'yar asalin yankin Bahar Aswad, ta bayyana a manyan tafkunan Amurka da Kanada a wajen 1988, ta hayayyafa har ta riƙa toshe bututun ruwan sha da na tashoshin lantarki. Wanda ya ga yadda kacala ta shaƙe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, ta kori masunci da manomi, ba ya bukatar dogon bayani kan abin da tsiro ɗaya zai iya yi in ya sami sarari. An ƙulla yarjejeniyar tilasta wa jirage tace wannan ruwa a 2004, amma sai a watan Satumba na 2017 ta fara aiki. Shekara goma sha uku ana jiran sa hannu.

Darasin Koko

Wani lokaci ma ba hatsari ba ne, ba kuma sakaci ba: dattin shi ne kayan da aka yi hayar jirgin ya kawo. Tsakanin 1987 da 1988, jirage sun riƙa sauke ganguna a Koko, wata ƙaramar tasha a tsohuwar jihar Bendel, wadda yanzu take cikin jihar Delta. Wani ɗan kasuwa ɗan Italiya ne ya shirya cinikin, aka jibge gangunan a filin wani magidanci ana biyan sa dala 100 a wata. Abin da ke ciki guba ce ta masana'antun Turai, kusan tan 4,000. Rana ta buga su, suka fara kumbura suna yoyo. Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka ga labarin a jaridun can suka aiko gida, jaridunmu suka bi sawu, asiri ya tonu a tsakiyar 1988.

A wannan karon gwamnati ta nuna haƙora. Gwamnatin Janar Babangida ta janye jakadanta daga Rum, ta tsare wani jirgin Italiya a Legas, har sai da aka zo aka kwashe gubar. Ma'aikatan da suka yi aikin kwasar sun sha ƙuna da rashin lafiya. Jirgin Karin B da ya ɗauki wani kaso ya yi ta gararamba a tekun Turai, kowace tasha na korar sa. Abin da aka ga ya dace a ajiye a bayan gidan talaka a Koko, babu birnin Turai da ya yarda ya kwana a tasharsa.

Daga wannan abin kunya ne dokar muhalli ta zamani ta samo tushe a Najeriya. A 1988 aka kafa doka mai lamba 42 da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan shara, aka kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, wadda NESREA ta gaje ta a 2007. Duniya ta ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989, Afirka ta yi tata mai tsauri a Bamako a 1991. Duk da haka, a watan Agusta na 2006 jirgin Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, ya sauke dattin wankin mai a Abijan, aka watsa shi a juji-juji cikin gari. Hukumomi sun ƙirga aƙalla mutum 15 da suka rasu, fiye da 100,000 suka nemi magani. Jirgin ya tsaya a Legas kafin ya wuce can. Saura ƙiris da labarin ya zama namu.

Tasha, da hanyar da ta taso daga tasha

Tashar kanta tana da tata ɓarnar. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka gina dogayen katangun duwatsu a bakin mashigar Legas don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. Jirage sun samu shiga, amma yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma ya daina ƙetarawa gabas, teku ya koma cin gaɓar Bar Beach, ya yi ta ci kusan shekara ɗari har ya riƙa hawa titunan Victoria Island.

Cunkoso kuwa tsohon ciwo ne. A 1975, lokacin da kuɗin mai ya yi yawa, an yi odar siminti kusan tan miliyan 20, alhali tashar Legas ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin ruwa wata da watanni, ƙasa na biyan kuɗin jira, siminti na daskarewa a cikin wasu. Wannan ne ya gaggauta gina tashar Tin Can da aka buɗe a 1977. Cushewar Legas ɗin nan ma tana cikin hujjojin da aka kafa a 1976 don ƙirƙiro Abuja; ta wata fuskar, birnin da muke zaune ɗan wannan cunkoso ne. Jirgin da ke jira ba ya kashe injunansa duka, domin yana bukatar wuta da sanyi. Kowace ranar jira hayaƙi ne na banza, ba a matsar da kaya ko taku ɗaya ba.

Daga nan sai kaso mafi muni, wanda kuma babu Bature ko ɗan Sin da za a ɗora wa. Kwantenar da ta taso daga Shanghai ta zagayo ta ƙasan Afirka ta yi tafiyar kusan kilomita 20,000 a kan abin hawan da ya fi kowane tattalin mai. Da ta taɓa ƙasarmu, sai mu ɗora ta a kan tsohuwar tirelar da Turai ta gama da ita, ta yi kwanaki a layin Apapa, ta kama hanyar Ibadan ko ta Ore, ta ratsa ramuka da shingaye, ta hau gadar Lokoja tana tuƙa baƙin hayaƙi har Dei-Dei. Sau da yawa kuma fanko take komawa. A kowace kilomita ta wannan tafiya ana ƙona mai ninkin-ba-ninkin na teku, ana farfasa kwalta, ana zubar da jini a hanya. Man fetur ma shekaru da dama haka muka yi da shi: jirgi ya fita da ɗanye, wani jirgin ya dawo da tatacce, tanka ta ɗauko daga Legas zuwa Suleja. Fara aikin matatar Ɗangote a 2024 ya rage zirga-zirgar teku, amma tankar tana nan a kan hanya.

Jirgin na wa ne?

Mai karatu zai ce: to a kama masu laifi mana. A nan ake gane wayon wannan sana'a. Jirgi na iya zama mallakar Bagirke, kamfanin Siwizalan ya yi hayarsa, ma'aikatan 'yan Filifin, tutar da ke bayansa kuma ta Laberiya ko Fanama ko Tsibiran Mashal. A tsakiyar teku, dokar ƙasar da ke da tutar ce ke aiki. Laberiya, 'yar uwarmu a Afirka ta Yamma, ita ce yanzu kan gaba a duniya wajen nauyin jiragen da ke ɗauke da tutarta, amma ofishin da ke yi musu rajista a Amurka yake. Idan jirgin ya tsufa kuma, sau da yawa sai a canja masa tuta, a tura shi gaɓar Alang a Indiya ko Citagon a Bangaladash, talakawa su farfasa shi da hannu a kan yashi.

Mu ba mu da jiragen da za mu ce a gyara. Kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, da aka kafa a 1959, an rufe shi a 1995. Kayanmu a hannun Maersk da MSC da CMA CGM da COSCO suke. Abin da ya rage mana shi ne ikon mai masauki: duk jirgin da ya shigo tasharmu, jami'an hukumar kula da sufurin teku ta ƙasa, NIMASA, na da hurumin hawa su duba takardunsa, su ɗebi mansa su auna, su tsare shi in ya saɓa. A nan Abuja ta shigo. A watan Agusta na 2023 Shugaba Tinubu ya ƙirƙiro ma'aikata ta musamman don harkokin teku da arzikin ruwa, ya naɗa Adegboyega Oyetola minista. A nan ake rubuta manufa, a nan Majalisa ke mayar da yarjejeniyoyin duniya dokar ƙasa, a nan ake raba kasafi. A ganina ba doka muka rasa ba. Tun daga Koko muke tara ta. Abin tambaya shi ne mai binciken da zai hau jirgi da tsakar dare: yana da kwalekwalen zuwa, yana da na'urar awo, kuma albashinsa ya isa ya hana shi karɓar ambulan?

Gyara, da wanda zai biya

A watan Yuli na 2023 ƙasashen IMO suka amince cewa zuwa wajen 2050 sufurin teku zai daina ƙara wa duniya iskar ɗumama, tare da ragin aƙalla kashi 20 cikin ɗari zuwa 2030, da kashi 70 zuwa 2040, in aka gwada da 2008. Hanyoyin ba ɓoyayyu ba ne. Mafi arha ita ce rage gudu: jirgin da ya sassauta da kashi 10 yakan tsimi kusan kashi 20 na man tafiyar. Akwai komawa ga iska, kamar jirgin Pyxis Ocean da aka kafa wa manyan fukafukai a 2023. Akwai jona jirgi da lantarkin gari in ya tsaya a tasha, shawarar da za ta sa ɗan Najeriya murmushi, tunda tashar ma da janareta take aiki. Sai kuma sababbin makamashi irin su metanol da amoniya, waɗanda tsadarsu ta fi ta baƙin mai nesa ba kusa ba.

Kan wannan tsada ake rigima. Tun Janairun 2024 Tarayyar Turai ta fara cajin jiragen da ke shiga tashoshinta kuɗin hayaƙi, kamfanoni kuma ba su ɓata lokaci ba suka ƙara shi a kuɗin dako. A watan Afrilu na 2025 aka tsara irin wannan caji na duniya baki ɗaya, amma da aka zo tabbatar da shi a watan Oktoba, Amurka da Saudiyya suka matsa lamba aka ɗage ƙuri'ar da shekara guda.

Ko an ɗage ko ba a ɗage ba, lissafin zai iso, kuma hanyarsa sananniya ce: daga mai jirgi zuwa mai shigo da kaya, daga shi zuwa dila, daga dila zuwa matar da ke taya buhun fulawa a kasuwar Garki. Mai fitar da riɗi ma zai ji a jikinsa, domin kaya mai nauyi maras tsada shi kuɗin dako ya fi cutarwa. Wannan bai sa na ga ya dace mu bi sahun masu cewa a bar komai yadda yake ba, tunda mu ne kan gaba wajen shan zafin da ambaliyar. Abin da ya dace wakilanmu su tsaya a kai shi ne inda kuɗin da aka tara zai tafi. In talakan Afirka zai biya a farashin kaya, to kaso mai tsoka ya dawo ya gyara tashoshin Afirka. Kuma babu abin da ya hana ƙasashen gaɓar Gini su haɗa kai su nemi a shata musu yankin mai mai tsabta irin na Bahar Rum, sai dai rashin mai ɗaukar gaba.

Abin da ba sai an je Landan ba

Injin jirgi ba a hannunmu yake ba, amma kilomita 700 ɗin ƙarshe tamu ce. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a Janairun 2023, ta Funtuwa a 2024, duk da nufin kwantena ta wuce kai tsaye daga jirgi zuwa Arewa, a yi mata aikin kwastan a can. Tashar tsandaurin da tirela ke ciyar da ita kuwa ba ta rage hayaƙi ko kaɗan ba. Wurin sauke kaya kawai ta canja. Sai da jirgin ƙasa take cika sunanta. Sabon layin dogo ya taso daga Apapa ya tsaya a Ibadan tun 2021, wani ya taso daga Idu ya tsaya a Kaduna tun 2016, tsakaninsu kuma babu komai. Ranar da aka haɗe wannan giɓi, jirgin ƙasa ɗaya zai sauke tireloli gomomi daga hanyar Lokoja.

Akwai kuma hanya ta uku, wadda ta riga kwalta da dogo zuwa, kuma ba ta da nisa da Abuja. A 2009 marigayi Shugaba 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin Neja daga Warri zuwa Baro, tafiyar kilomita 572. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya buɗe tashar jiragen ruwa ta Baro a jihar Neja, garin da Turawa suka fara shimfiɗa dogon Kano daga cikinsa. An yi biki, an yanke kyalle, amma jiragen kaya ba su zo ba. Babi na gaba zai bi wannan kogi daga Warri zuwa Baro, mu ga abin da ya tsayar da su, da kuma abin da yashe kogi ke jawo wa masunta da manoman fadama da ke zaune a bakinsa.